Kafin a Kwance Giyabos, a Duba Mai da Waya

Jama'a, duk wanda ya zaga garejojin Pumpumre da sauran unguwannin Garwa zai ga tsofaffin Corolla da Carina E da Camry a ɗage kan duwatsu, an zare musu giyabos. Da ka tambaya sai a ce ai atomatik ce, ba ta ƙasarmu ba ce. Ni kuwa ra'ayina shi ne yawancin motocin nan zafi da lodi da gyaran lalube ne suka kashe su.

Giyar atomatik da mai take aiki. Man nan da ake kira ATF shi ke tura ƙarfin inji zuwa taya, shi ke canza giya, shi ke sanyaya ta, kuma a yawancin motocin nan ta cikin lagireto yake bi ya huce. To, motar da ta ƙare ƙuruciyarta a sanyin Turai, ta sauka Duwala ko Kwatano, sai mu ɗora mata buhunan masara a watan Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40, mu nufi Gashiga ko kasuwar Pitowa, ko mu hau tsaunin hanyar Ngaundere. Man ya ƙone, farantan kuloci na ciki su cinye, sai ka taka totur inji na kuka mota ba ta ja.

Saboda haka Alhaji, kafin ka yarda a taɓa ƙusa ɗaya, a fara da mai. A tsohuwar Toyota ana auna shi ne mota na fili, inji ya yi zafi yana aiki, giya na kan P. Lafiyayyen mai ja ne garau. In ya yi baƙi yana ƙauri, ya ƙone. In ya zama kamar an zuba masa madara, ruwa ya shiga ta lagireto, a tsaya nan take. In ya ragu, a nemi inda yake yoyo, don ƙarancinsa kaɗai kan sa mota ta yi jinkirin tashi bayan an sa D.

Na biyu, waya. Motar da ta maƙale a giya ɗaya, ko fitilar O/D OFF na ƙyaftawa, sau da yawa sansa ce ko wayar da ta ci tsatsa, kwamfutar motar ta kulle giyar don kada ta lalace. Motocin Amurka tun daga 1996, da na Turai masu fetur tun daga 2001, suna da kafar da ake jona na'urar bincike ta faɗi inda ciwon yake. In kuwa sandar giya ta ƙi fita daga P, a duba makunnin fitilar birki tukuna.

Na san za a ce manuwal ta fi, tunda kowane bakanike ya iya ta, kuma in batir ya mutu a tura ta ta tashi. Gaskiya ne, kuma mai dakon kaya a hanyar da ba kwalta ya nemi manuwal tun farko. Amma wanda ya riga ya sayi atomatik, kulawa ta fi masa sauƙi. Tun da Nijeriya ta cire tallafin fetur a 2023 zuwa-zuwa ta yi tsada, ribar fatauci ta ragu, kuma kuɗin giyabos ɗaya na iya cinye jarin ƙaramin ɗan kasuwa.

A daina sayen man giya na awo a bakin titi, araha ba ta ado. Wata motar Dexron take sha, wata T-IV, kuma galibi an rubuta a jikin sandar awon. Kada a sa R mota ba ta tsaya cak ba. Kada a ja ta da igiya tafiya mai nisa tayoyin gaba na ƙasa, don famfon mai ba ya juyawa in inji na kashe. A gangare a sauko zuwa 2 ko L.

Makanikai kuma ku ji tsoron Allah, wanda bai san atomatik ba ya faɗa, ya tura mai mota wurin wanda ya sani. Mu kuma a duba mai tun jajibirin kasuwa, ba a fafa gora ranar tafiya. Allah Ya kiyaye hanya.