Hoton Baƙo a Bangon Masu Gari

A watan Nuwamba na shekarar 2016 aka buɗe wani baje kolin hotuna a birnin Coventry na ƙasar Ingila, wanda a ganinmu ya cancanci 'yan'uwa ɗalibai su tsaya su yi nazari a kansa, ko da yake nesa da mu aka yi shi. Mai hotunan mutumin Indiya ne, sunansa Maganbhai Patel, amma duk garin da Masterji aka san shi, watau kamar a ce "Malam", domin kuwa malamin makaranta ne a Gujarat kafin ya bar gida. Ranar da aka rataya hotunansa a bango da sunansa shi kaɗai a karo na farko, ya riga ya haura shekara 90 a duniya, ya kuma shekara 65 a Ingila. Bai cika shekara biyu bayan haka ba ya rasu, a farkon 2018.

Ra'ayinmu a kan wannan al'amari guda ɗaya ne. Zaman yau da kullum na baƙo a ƙasar wasu ba shi da mai adana shi sai baƙon da kansa, kuma abin takaici ne a ce sai mutum ya kai bakin kabari sa'an nan a tuna a ba aikinsa bango.

Bari mu fara da yadda aka yi malamin makaranta ya koma mai ɗaukar hoto. Jiragen yaƙin Jamus sun yi wa Coventry ruwan bama-bamai a daren 14 ga Nuwamba 1940, suka rusa tsakiyar birnin. Bayan yaƙi aka shiga sake gini, masana'antu kuma suka rasa isassun ma'aikata. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1948 ta buɗe wa mutanen ƙasashen renon Ingila ƙofar shiga su yi aiki, sai jama'a suka yi ta kwarara daga Indiya da Pakistan da tsibiran Karebiyan. Masterji ya sauka a 1951. Allo da alli suka kuɓuce masa, ya sami kansa ma'aikaci a masana'antar kayan lantarki ta GEC. A can ya shiga ƙungiyar ma'aikata masu sha'awar ɗaukar hoto, ya riƙa ɗaukar abokansa da maƙwabtansa bayan an tashi aiki da ranakun hutu. Sannu a hankali aka fara kiransa wajen biki, har a 1969 ya buɗe shagon hoto nasa na kansa. Ashe sana'ar da ta ci da iyalinsa, a matsayin abin ɗebe kewa ta soma.

Su wa ya ɗauka? Samari 'yan ci-rani da suka baro iyaye da mata a gida, kwandastan bas cikin kayan aiki, amare da angwaye, yara a tsakar ɗaki, da iyalinsa shi kansa. Babu sarki, babu minista. Shekaru suka shuɗe finafinan hotunan na jibge cikin akwatuna suna cin ƙura, har 'yarsa da waɗansu masu kishin adana tsofaffin hotuna suka zaƙulo su, suka goge, suka sake wankewa. Da aka rataya su, sai ga shi tarihin wani ɓangare guda na birnin, wanda littattafan makaranta ba su damu da shi ba, yana nan kwance a cikin akwatin wani tsoho.

Ba shi kaɗai ba ne. A birnin Birmingham, maƙwabcin Coventry, akwai Vanley Burke, wanda aka haifa a Jamaika a 1951. Yana ɗan shekara goma mahaifiyarsa ta aika masa da 'yar kyamara ƙirar Kodak Brownie daga Ingila. Ya bi iyayensa can a 1965, ya kuma duƙufa kan ɗaukar hotunan baƙar fata na unguwar Handsworth: coci, jana'iza, gidan rawa, wurin aiki, taron siyasa. A cikin hotunansa da suka fi shahara akwai na 1970, inda wani yaro baƙar fata yake tsaye da kekensa a lambun shaƙatawa na unguwar, ya ɗaura wa keken tutar Birtaniya. A tuna fa, shekara biyu kacal ke nan da ɗan majalisa Enoch Powell ya tsaya a wannan birni, a watan Afrilu na 1968, ya yi jawabinsa na tunzura jama'a a kan baƙi. Yaron da tutarsa sun ba da amsar da dogon jawabi ba zai iya bayarwa ba. Sai a 1983 zauren baje koli na Ikon ya nuna hotunan Burke na Handsworth, shekara biyu bayan tarzomar da aka yi a unguwar a 1981, lokacin da galibin mutanen Ingila ba su san komai game da ita ba sai abin da suka gani a jarida na 'yan sanda da fasassun tagogi.

Nan ne gizo ke saƙa. Ɗan jarida yakan shiga unguwar baƙi ne ranar da wuta ta tashi, ya ɗauki hayaƙi ya koma ofis kafin magariba. Ƙwararren mai hoto da aka biya ya zo daga nesa, kwana uku gare shi, kuma abin da ya ba shi mamaki kaɗai yake ɗauka. Amma wanda yake kwana a ɗakin haya ɗaya da mutane shida, wanda ya san ƙarfe nawa ake tashi a kama bas cikin duhun hunturu, shi ne ake bari ya shiga har madafa, shi ne kuma ba a gyara zama in ya ɗaga kyamara. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ƙwarewar sarrafa haske ana koyonta a aji cikin 'yan watanni. Amincewar mutane kuwa sai an zauna da su shekara da shekaru, an ci tare, an yi jinya tare, an binne mamaci tare.

To, ina ruwanmu da wannan? Ruwanmu shi ne, da wuya a sami ɗalibi a cikinmu wanda ba shi da ɗan'uwa ko aboki da ke karatu ko neman abinci a wata ƙasa, ko Masar, ko Malesiya, ko Turkiyya, ko Ingila, ko Saudiyya. Kowannensu kuma yana ɗauke da kyamara a aljihu, tun da kowace waya ta zamani kyamara ce. Amma me suke aiko mana? Ga mutum ya ci ado yana jingine da motar da bai san mai ita ba. Ga shi a gaban dogon bene, ga shi cikin dusar ƙanƙara yana murmushi. Ba mu taɓa ganin ɗakin da yake kwana ba, ko tukunyar da yake dafa taliya dare da rana, ko layin ofishin sabunta takardar zama, ko ranar Sallar da ya yi a ɗakin jarrabawa ba tare da ko mutum ɗaya ya ce masa barka ba. Ƙanensa a gida ya ga hoton a WhatsApp, hankalinsa ya tashi, ya matsa wa iyaye a sayar da gona a yi masa biza. Hangen Dala ba shiga birni ba ne, kuma wanda ya aiko da rabin labari yana da hannu a cikin abin da ya biyo baya.

Lalle mun san abin da za a ce mana. Na farko, za a ce ai shi ma Masterji hotunan ado ya fi ɗauka, mutane su sa kwat da laktaye su tsaya tsaf don a aika gida a ga sun samu. Haka ne, kuma ba mu ga laifin wanda ya wuni yana shan wulaƙanci a masana'anta ba in ya so mahaifiyarsa ta gan shi cikin mutunci. Wannan ma gaskiya ce daga cikin gaskiyar baƙunta. Abin da muke ƙi shi ne a tsaya nan. Darajar akwatin Masterji ta zo ne daga cewa ya haɗa hoton kwat da hoton kayan aiki da na zaman gida, har mai kallo ya iya auna tazarar da ke tsakanin abin da mutum yake fata da abin da yake ciki.

Na biyu, za a ce nuna wahalar zaman waje tonon asiri ne, mu kuwa mutane ne masu son sutura. Wannan magana tana da nauyi, ba ma raina ta. Bai halatta a ɗauki mutum a ɓoye ba, bai kuma halatta a rataya fuskar wani a bango ba tare da yardarsa ba. Amma ɗakin haya ba abin kunya ba ne, wankin kwanuka a gidan abinci don biyan kuɗin makaranta ma ba abin kunya ba ne. Mai ɗaukar hoto na iya nuna takalmin aiki a bakin ƙofa, ko sallaya a kusurwar ɗakin karatu, ko jakar kuka da daddawa da aka yi tattalinta wata shida, ba tare da ya ci mutuncin kowa ba.

Na uku, za a ce bangon zauren baje koli na ƙwararru ne, in aka buɗe wa kowa sai shirme ya cika shi. Mun yarda ba kowane hoto ne ya cancanci bango ba, dole a yi zaɓe, a kuma tsananta. Sai dai a zaɓi hoton saboda abin da ya nuna, kada a tambayi takardar shaidar mai shi ko tsadar kyamararsa. Kodak Brownie da aka fara sayarwa dala ɗaya a 1900 ita ce ta fara sa kyamara a hannun talaka, kuma irinta ce Burke ya soma da ita. Da an ce sai mai digiri, da babu hoton yaro mai tuta.

Akwai kuma dalilin gaggawa. Fim ɗin Masterji ya jure shekara da shekaru a cikin akwati, amma hoton waya ba shi da wannan juriya: a sace wayar, ko ta faɗa ruwa, ko a manta lambar sirri, shi ke nan. Wuraren da ake ɗauka su ma ba su da tabbas. Ɗaliban Nijeriya da ke Ukraine sun gudo a farkon 2022 da abin da hannu zai iya ɗauka. Waɗanda ke Khartoum kuwa, yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya sa aka kwaso da yawansu ta kan iyakar Masar. Duk wanda ya taɓa ɗaukar mai shayi a bakin ƙofar jami'arsa a can, ko kasuwar unguwarsu da yamma, ko buɗe-baki a kan titi cikin Ramadan, to yana riƙe da shaidar wata rayuwa da yaƙi ya tarwatsa. A ranar da ya ɗauka bai ɗauke shi a bakin komai ba.

Saboda haka muna kira ga 'yan'uwanmu da ke waje: ku ci gaba da aiko da hoton ado, amma ku haɗa da na ranar Talata, ranar da ba a yi komai ba sai lacca da girki da jiran bas. Ku zaɓi goma a kowace shekara ku wanke su a takarda, ku rubuta sunan wurin da shekarar a bayansu, domin hoton da ba a san inda aka ɗauke shi ba maraya ne. Mu kuma da ke gida, muna da zaure, muna da bango, muna da waɗanda suka dawo daga ƙasashe dabam-dabam suna zaune tare da mu a aji. Ba a bukatar kuɗi masu yawa kafin a nemi hotunansu, a zaɓa, a rataya mako guda, a gayyaci masu shirin tafiya da iyayensu su zo su gani da idonsu, su kuma yi wa mai hoton tambaya yana tsaye a gabansu. Gani ya kori ji.

Masterji ya yi sa'a, ya ga hotunansa a bango kafin ya cika. Kada mu bar namu su jira shekara 65. Allah Ya kiyaye matafiyanmu, Ya dawo mana da su lafiya, amin.