Asali ta ɗakin uwa: labarin wata zuriya mai shekara dubu 8

A wannan mako za mu taɓo wata magana wadda ba ta rasa tasowa duk inda aka zo neman aure ko gadon sarauta, wato maganar asali. In ka tambayi Badamagare asalinsa, sai ya shiga jero maka sunayen maza: wane ɗan wane, jikan wane, har ya kai ga wani malami ko mayaƙi ko falke da ya zo daga gabas. Da wuya ka ji ya wuce kakarsa ta wajen uwa, in ma ya san sunanta na yanka. Alhali kuwa harshenmu da kansa ya ba uwa matsayin da lissafin asali ya hana ta. Wanda ka fi ƙauna shi ne ɗan'uwa, abokin hamayya kuwa ɗan uba. Zumunci sunansa ƴan'uwantaka, gaba kuwa ƴan'ubanci. To, ga shi ilimin zamani ya gano wata alama a cikin jikinmu wadda ba ta bin kowa sai uwa, kuma labarin da take bayarwa ya girmi kowace gidan sarauta da muka sani.

Ga yadda abin yake. An gina jikin ɗan Adam da ƙananan ƙwayoyi waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. A cibiyar kowace ƙwaya akwai abin da masana ke kira ADN, wato rubutun gado da ke tsara kamannu da jini da sauran halittar mutum. Rabinsa daga uba yake zuwa, rabi daga uwa, kuma yana cuɗanya a kowace haihuwa. Amma a gefen wannan cibiya akwai wasu ƴan ƙananan abubuwa da ake kira mitokondiriya, waɗanda aikinsu kamar na murhu ne: su ke ƙona abincin da muka ci su mai da shi ƙarfi. Su ma suna da nasu ɗan rubutun gado daban, mai harafi dubu 16 da 569, wanda aka fara karance shi kaf a Kambirij ta Ingila a 1981. Wannan rubutu ta ƙwan uwa kaɗai yake shiga jikin jariri. Ɗa namiji yana ɗauke da na mahaifiyarsa har ya koma ga Allah, amma ba ya ba ƴaƴansa. Ƴa mace ce ke miƙa shi gaba.

Jefi-jefi, cikin dubban shekaru, harafi ɗaya yakan sauya, kamar yadda mai kwafar littafi da hannu yakan sauya baƙi ɗaya, duk wanda ya kwafa daga nasa kuma ya ɗauki sauyin. Matan da suka yi tarayya a sauyi iri ɗaya, ke nan kakarsu ɗaya ce. Da ƙirga yawan sauye-sauyen ne masana ke ƙiyasta shekarun kowane reshe na zuriya, su ba shi lamba maimakon suna.

A 1987 wasu masana uku na jami'ar Kaliforniya ta Amurka, Rebecca Cann da Mark Stoneking da Allan Wilson, suka gwada mutum 147 daga sassan duniya, suka iske dukan rassan suna komawa ga mace guda wadda ta rayu a Afirka kimanin shekara dubu 200 da suka wuce. Ƴan jarida ne suka laƙaba mata sunan Hauwa'u, amma kada wannan ya rikita mai karatu. Masanan ba su ce ita ce mace ta farko ba. Akwai mata da yawa a zamaninta, sai dai ita ce wadda jerin ƴaƴanta mata bai yanke ba har yau.

Tsofaffin rassan wannan bishiya duka a Afirka suke, an kuma ba su harafin L. Ɗaya daga cikinsu, L3, ya ɓullo a gabashin Afirka tsakanin shekara dubu 60 zuwa dubu 70 da suka wuce, kuma ya yi albarka ƙwarai. Ƴaƴansa biyu, M da N, su ne suka ƙetare zuwa Asiya, daga gare su kuma aka samu asalin iyaye mata na Larabawa da Turawa da Indiyawa da mutanen Sin. Sauran ƴaƴan L3 suka zauna gida, suka bazu cikin nahiyar. Ke nan Bature da Balarabe, ta ɗakin uwa, reshe ne na bishiyar da gindinta ke Afirka.

Cikin waɗanda suka zauna gida akwai L3f, wanda shi ma tsohon ɗan gabashin Afirka ne. A 2009 wani masani ɗan ƙasar Cek, Viktor Černý, tare da abokan aikinsa, suka wallafa bincike a kan wani ƙaramin reshe nasa mai lamba L3f3. Abu biyu suka gano. Na farko, kusan ba a samun wannan reshe sai cikin al'ummun kewayen Tabkin Cadi masu magana da harsunan da masana ke kira dangin Cadi. Waɗannan harsuna sun haura 150, akwai Kotoko da Masa da Mafa da Bole da Angas a cikinsu, kuma Hausa ce babbarsu. Na biyu, shekarun reshen kimanin dubu 8 ne.

Me ke faruwa a ƙasarmu a wancan zamani? Hamadar da muka sani yau ba hamada ba ce a lokacin. Damina tana kaiwa can arewa, ciyawa da ƙoramu sun rufe inda rairayi yake yanzu, Tabkin Cadi kuwa ya kai faɗin murabba'in kilomita wajen dubu 350, wato ya ninka jihar Damagaram sau biyu da ɗoriya. Shaidu suna nan kusa da mu. A Gobero, cikin Tenere, ayarin Paul Sereno na jami'ar Shikago ya tarar da wata tsohuwar maƙabarta a shekara ta 2000, mai kaburbura wajen 200, tare da ƙasusuwan dorina da kada da giwan ruwa, da māsun kamun kifi na ƙashi. A Dufuna ta jihar Yobe kuma, wani Bafillace makiyayi yana haƙar rijiya a 1987 ya ci karo da kwalekwale mai tsawon fiye da mita 8, wanda shekarunsa suka kai dubu 8. Mai kwalekwalen nan da macen da ta haifi reshen L3f3 kusan ƴan zamani ɗaya ne.

Ta ina suka biyo? Masanin harsuna Roger Blench yana ganin makiyaya ne suka taso daga gabas da dabbobinsu, suka bi kwarin Wadi Hawar, wani kogi da a da yake gangarowa daga gabashin Cadi ya faɗa kogin Nilu a Sudan, yau kuwa ya ƙafe. A ganinsa harsunan Cadi sun fi kusa da dangin Somali da Oromo. Christopher Ehret kuwa yana ganin ta arewa aka shigo, ta tsakiyar Sahara. Sakamakon Černý ya fi karkata ga hanyar gabas. Amma a lura, masu ɗauke da L3f3 tsiraru ne ko cikin masu harsunan Cadi. Mafi yawan Hausawa da maƙwabtansu suna ɗauke ne da rassa irin su L2a da L3b da L3d da L3e da L1b, waɗanda ake samu tun daga Senegal har Sudan. Baƙin da suka zo sun iske mutane, sun auri matansu, sun ba su nasu.

Wani bincike kuma ya taɓo jiharmu kai tsaye. A 2010 Luísa Pereira ta ƙasar Fotugal, tare da Černý, suka gwada Abzinawa 90 daga Gosi ta Mali, da Gorom-Gorom ta Burkina Faso, da Tanut ta nan Damagaram. Kusan rabinsu tsatson uwarsu na L ne, irin na manoman Sahel, kuma a Tanut wannan kaso ya fi rinjaye. Wasu kuwa suna ɗauke da rassan H1 da V, waɗanda danginsu ke arewacin Afirka da Sifaniya. Ga al'umma guda, harshe guda, rawani iri guda, amma iyaye mata daga kudu da arewa.

Wanda ya san tarihin Damagaram ba zai yi mamaki ba. Littafin da marigayi André Salifou ya wallafa a 1971 a kan wannan daula ya jero mana sarakuna: Malam, wanda ya kafa gidan wajen 1731, asalinsa daga ƙasar Barno, Sulaimanu, wanda ya mai da Zinder babban birni a farkon ƙarni na 19, Tanimun, wanda ya yi wa Birni ganuwa, ya rasu a 1884, Amadu Kuran Daga, wanda ya faɗi a 1899 lokacin shigowar Faransawa. Duka maza ne. Amma gidan da ya soma da Barebari ya wayi gari yana Hausa, kuma yaro a bakin wa yake koyon magana in ba a bakin uwarsa ba? A Zango, Abzinawa da fataken Tarabulus da Gat sun zauna sun yi aure. Ga kuma abin da ba mu cika son faɗi ba: Zinder ta kasance babbar kasuwar bayi, kamar yadda Baturen Ingila James Richardson ya gani da idonsa a 1851. Matan da aka kamo a yaƙi sun shiga gidajen manya a matsayin ƙwaraƙwarai, sun haifi ƴaƴa, shari'a kuwa ta ba ɗan ƙwarƙwara ƴanci da matsayin ubansa. Sunan uban ya shiga tarihi, na uwar ya ɓace, amma alamarta tana nan cikin jikokinta.

Ko labarin Bayajida, in mun duba, a kan uwa ya rataya. Uba ɗaya ne, amma aka ce zuriyar Bawo ɗan Magajiya Daurama su ne Hausa Bakwai, zuriyar Karɓagari ɗan Bagwariya kuwa Banza Bakwai. Irin wannan rabo ne har gobe ke hana aure a wasu gidaje, inda za a tono cewa kakar wance baiwa ce, duk da cewa tun 2003 dokar ƙasa ta mai da bauta laifi mai tsananin hukunci. Mai wannan tono ya sani, in da za a gwada, mai yiwuwa ne shi da wadda yake ƙyama su fito reshe guda.

Sai dai kada mu tsere wa wani camfi mu faɗa wani. Wannan alama zare guda ce cikin saƙa. In ka koma baya haihuwa goma, gurbin kakanninka 1024 ne, ita kuwa mutum ɗaya tak take nunawa cikinsu. Ba ta kuma san ƙabila ba, domin ta girmi kowace ƙabila. Akwai kamfanoni da ke karɓar kuɗin baƙaƙen fatar Amurka su ce wa mutum shi Bahaushe ne ko Bafillace. Amma wani bincike na 2006 ya nuna cewa ƙasa da kashi 10 cikin 100 ne kawai alamarsu ta dace da ƙabila guda, fiye da rabi kuwa ƙabilu da yawa ne suka yi tarayya a irin tasu. Babu reshen Hausawa, babu na Barebari, babu na ƴaƴa ko na bayi.

Akwai aikin da kowa zai iya yi ba tare da na'ura ba. Wanda Allah ya bar masa kaka, ya je ya durƙusa gabanta ya ce: Kaka, wace ce ta haife ki, ita kuma wace ce ta haife ta, daga wane gari? Ya rubuta, ya adana kusa da jerin sunayen maza. Ɗaliban tarihi na jami'ar André Salifou ta Zinder ma ga fage a buɗe gare su, tun tsofaffin Birni da Zango da Mirya da Tanut suna da rai. Tsintsiya dai maɗaurinta ɗaya.

Sai wani mako, in Allah ya kai mu.