Ɗaga Bayan A-kori-kura Ba Ya Ƙara Mata Ƙarfi

Duk mai bin hanyar Aliero zuwa Jega da Maiyama a kakar albasa ya san a-kori-kurar da aka ɗaga bayanta da dunƙulen ƙarfe ƙarƙashin sifirin, wai don kada lodi ya durƙusar da ita. A ganina, yaudarar kai ce. Tsawo kaɗai dunƙulen yake ƙarawa. Birki da tayoyi suna nan yadda kamfani ya ƙera su. Kaya kuwa in suka yi sama, kifewa a kwana ba wuya. In ɗagawar ta zama dole, a sa gajeren dunƙule guda, kada a ɗora wani bisa wani, a sabunta ƙusoshin ɗauri. Jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra kuma su riƙa leƙa ƙarƙashin mota bayan duba takardu.