Hutu ya zo, wa zai duba aikin yaranmu?

Ruwa ya sauka a Baure, gero ya fara rufe ƙasa, yaranmu da ke manyan makarantu kuma suna ta dawowa hutu. Da safe suna gona, da la'asar sai ka same su a bakin shagon caji suna jiran waya ta cika. Cikinsu akwai ɗan ƙanwata mai karatun kimiyyar kwamfuta, shi ne sanadin rubutun wannan makon.

Bara ya yi watanni yana koyon aiki a wani ofis ƙarƙashin tsarin SIWES, wanda hukumar ITF ta ɓullo da shi tun 1973 domin ɗalibi ya taɓa aiki da hannunsa kafin ya gama karatu. Da ya dawo ya nuna mini littafin da ake cikewa, kowane shafi da sa hannu da hatimi. Na ce masa to me ka koyo? Ya sunkuyar da kai ya ce, "Kawu, in gaya maka gaskiya, fotokwafi na iya, sai sayo wa oga abinci." Duk shafukan nan a rana ɗaya ogan ya sa musu hannu, ranar sallama, bai karanta ko layi ɗaya ba.

Mu da muka tashi muna ganin maƙera da dukawa mun san ba haka ake koyon sana'a ba. Yaron maƙeri yakan daɗe yana zuga kafin a miƙa masa guduma. Ranar da ya ƙera fartanyarsa ta farko, maigidan zai ɗauka ya juya ta, ya nuna masa inda bakin ya karkace, ya mayar da ita wuta. Wannan juyawar ita ce karatun, kuma ita ce ɗan ƙanwata bai samu ba.

Abin mamaki, masu ƙera manhaja a duniya sun riƙe wannan tsohuwar hanya. Tun 2005 kamfanin Google ke gudanar da shirin Google Summer of Code. Matashi zai zaɓi wata buɗaɗɗiyar manhaja, wato wadda aka baje rubutunta kowa ya karanta ya gyara, ya rubuta abin da yake son yi mata. In an ɗauke shi, sai a haɗa shi da wani gwani daga cikin masu kula da ita, su yi kamar mako 12 tare, kowa yana gidansa. Ana auna aikin a tsakiya da ƙarshe, wanda ya tsallake a biya shi alawus. Tun 2022 ma ba sai ɗalibi ba, duk sabon shiga da ya kai shekara 18 yana iya nema. Ƙungiyoyin tsaron intanet irin su OWASP da Honeynet Project sun sha karɓar matasa ta wannan ƙofa. Lokacin zafin Turawa da aka raɗa wa shirin sunansa, Yuni zuwa Agusta, shi ne daminarmu.

Me ya sa a harkar tsaro maganar mai dubawa ta fi nauyi? A ƙarshen 2011 wani ɗalibin digirin digirgir a Jamus ya aika ƙarin aiki ga OpenSSL, manhajar da ke kulle bayanai tsakanin mai amfani da shafin intanet. Ya manta da wani ɗan bincike guda, mutum ɗaya da ya duba aikin shi ma bai gani ba. Ɓarakar ta zauna fiye da shekara biyu, sai a Afrilun 2014 aka gano ta, aka sa mata suna Heartbleed, duniya ta shiga sauya lambobin sirri. Wannan kuskure ne. Misali na biyu kuwa da gangan aka yi. A Maris 2024 wani injiniyan Microsoft, Andres Freund, ya lura shiga wata na'ura da yake gwaji ya ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa. Ya bi sawu har ya kai ga XZ Utils, ƙaramar manhajar matse fayil da ke cikin kusan kowace na'urar Linux. Ashe wani mai kiran kansa Jia Tan ya shafe shekara biyu yana taimakon mai kula da ita, wanda aiki ya yi wa yawa shi kaɗai, har aka ba shi amana, sannan ya dasa ƙofar baya. Da ɗan gari akan ci gari. A duka biyun, idanun da ke kan aikin ne suka yi kaɗan.

Bana na haɗa ɗan ƙanwar tawa da wata 'yar garin nan da ke aikin tsaron kwamfuta a Kano. Ta yarda za ta riƙa ba shi awa ɗaya duk daren Asabar ta waya. Aikin farko da ta ba shi bai kai layi talatin ba, ya aika yana ta murna, ya dawo masa da gyara ya fi aikin tsawo. Ya kwana biyu yana fushi. Rana ta uku na gan shi ƙarƙashin darbejiya, kwamfutar aro a cinya, yana bin gyaran ɗaya bayan ɗaya.

Darasin da ya fi tsaya mini a rai ya zo a mako na huɗu. Yana duba sakamakon ƙaninsa a shafin wata makaranta, sai ya sauya lamba ɗaya a adireshin, sakamakon wani yaro daban ya fito. Jikinsa na rawa ya kira ta, wai zai ɗauki hoto ya sa a Facebook a san shi ma ya iya. Ina zaune ina jin muryarta. "Ƙanena, rufe shafin nan yanzu. Wa ya ba ka izinin taɓa shi? In ka ga bangon maƙwabci ya tsage, shi za ka je ka gaya wa a asirce, ba shela za ka yi wa ɓarayi ba." Ta tuna masa cewa dokar laifukan intanet ta 2015 ta haramta shiga na'urar wani ba izini. Tare suka rubuta wa makarantar takarda ta ladabi. Daga nan ta sa ya sauke Juice Shop, wani shagon intanet na bogi da OWASP ta cika da ramuka da gangan domin masu koyo, ta ce ya fasa shi iya son ransa a kan kwamfutarsa.

Bidiyon YouTube zai koya wa yaro fasa ƙofa. Wanda zai ce masa dakata a daidai lokacin da jikinsa ke rawa, dole mutum ne da ya san shi kuma yake jin nauyinsa. Yaron da ya iya kutse ba mai tsawata masa, shi ne gobe zai kira tsohuwa a garin Babban Mutum ya ce daga banki yake, ta karanto masa lambar da aka turo mata.

Za a ce ina wuta, ina data, ina kwamfuta. Gaskiya ne, na ga yaron nan yana taka sayyada zuwa shagon mai sola don ya yi caji, na kuma ga sabis ya ɗauke ana tsakiyar bayani. Amma waɗannan kuɗi ke maganinsu, kuma shirye-shirye irin su 3MTT da gwamnatin tarayya ta fara a 2023 suna taɓa wani ɓangare. Awa ɗaya ta wanda ya iya kuwa, babu kasafin da ke sayo ta.

Saboda haka roƙona bai wuce ƙarfin kowa ba. Masarautar Daura tana da 'ya'ya masu wannan aiki a Kano da Abuja da Legas da ƙetare, ga malamai a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Daura da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa. Kowa ya ɗauki ɗalibi biyu, kada ya wuce haka, mata a ciki. A ba su ƙaramin aiki na gaske da zai ƙare kafin girbi, ko da fassara gargaɗin tsaro na wata manhaja zuwa Hausa ne. A karanta abin da suka rubuta layi-layi. Ɗalibin da ya yi haka bana, in watan Maris ya zo ana karɓar takardun shirin Google, yana da abin nunawa.

Ranar Asabar da ta wuce aikin ɗan ƙanwata ya dawo da gyara biyu kacal. Ya zo ya nuna mini, ban fahimci ko harafi ɗaya ba, amma na ga sunan wadda ta karanta a ƙarƙashin kowane gyara.