Sallah Tana Zagaya Shekara, Adon Gida Ya Tsaya Wuri Guda

Da zarar an shiga goman ƙarshe na azumi, shagunan kayan ado a Sabon Garin Kano da kasuwar Wuse ta Abuja sukan cika da kaya iri ɗaya: fitilun igiya masu ƙyaftawa, jinjirin wata na roba, balan-balan masu ruwan zinari, furannin leda, da ƙananan fitilu masu kwaikwayon fanus ɗin mutanen Masar. Galibinsu daga masana'antun Sin suke, musamman birnin Yiwu, wanda ya yi suna wajen samar wa duniya ƙananan kayan bukukuwa. Ma'aikaci ya saya, a liƙa a falo, a ɗauki hoto a ɗora a Instagram. Bayan mako biyu rabin fitilun sun mutu, balan-balan sun sace, furannin sun sha ƙura, sai bola. Baɗi a sake saye.

Ba laifi ba ne mutum ya ƙawata gidansa domin Sallah, al'ada ce mai tushe. Abin dubawa shi ne irin adon da ya mamaye gidajen 'yan boko a 'yan shekarun nan: ado ne da bai san yanayi ba. Kayan da aka rataya a Sallar zafi su za a rataya a ta sanyi. Alhali abin da ke sa gida ya yi daɗin zama, baƙo ya shigo ya ji bai son tashi, shi ne dacewar abin da ke cikinsa da iskar da ke waje. Wannan kuwa hannun mutanen gida ya fi kwantena iya samar da shi.

Idin da ba ya zama wuri ɗaya

Adon Kirsimeti na Turai, wanda kasuwar kayan ado ta duniya ta ginu a kansa, yana da dalilin zama iri ɗaya kullum. Bikin yana faɗowa ranar 25 ga Disamba, tsakiyar sanyi da dogon dare, don haka kyandir da koren reshe da jan ƙyalle mai kauri suka dace da shi. Sallah ba haka take ba. Shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, tana gaza shekarar rana da kwana goma zuwa sha ɗaya, saboda haka kowace Sallah takan zagaya dukkan yanayin shekara cikin kimanin shekara 33.

Wanda ya yi wayo a shekarar 2000 zai tuna an yi Ƙaramar Sallah sau biyu a cikinta, ɗaya a Janairu ɗaya a ƙarshen Disamba, duka cikin hazo da sanyin hunturu. A 2013 ta faɗo a Agusta, ana tsakiyar marka. A 2025 ta zo ƙarshen Maris, bazara na kan ganiyarta, Babbar Sallah kuma ta biyo baya a farkon Yuni, lokacin da ruwa ke sauka. Bisa lissafi, zuwa 2030 Ƙaramar Sallah za ta koma farkon Fabrairu. Ke nan yaron da yau ya san Sallah da gumi da ƙishirwa zai yi ta samartakarsa da rigar sanyi. Gida ɗaya ma, a shekara ɗaya, yakan yi Salloli biyu a yanayi biyu, tunda kusan kwana saba'in ne tsakaninsu. Kwalin ado ɗaya da ake saukowa da shi daga saman kabet ba zai iya biyan wannan bukata ba.

Yadda aka saba

Gidan Bahaushe na da ya san wannan, ko da bai tsara shi a takarda ba. Gyaran gida yana bin rani da damina. Da rani ake yaɓe da shafe, domin ƙasa ta samu bushewa kafin ruwa. Makuba, wadda ake samu daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa, ita ke ƙarfafa shafen ta ba shi duhun launi. Mata su yi gayya su daɓe tsakar ɗaki da madaɓi suna waƙa, har ƙasa ta yi santsi tana sheƙi. A shafe bango da farar ƙasa. Masu hali su kira magini ya yi musu zane a fuskar zaure, irin wanda har yau ake gani a tsofaffin unguwannin Zariya da Kano, da dagi da sauran siffofi masu murɗe-murɗe.

Cikin ɗaki kuwa jere ne. Tarihin jere yana da darasi ga duk mai ɗokin cewa a guji kayan waje ɗungurungum. Da ƙore aka fara, masu zane, ana jera su bisa girma. Daga baya tasoshi suka shigo, sannan kwanoni masu fenti irin su langa da fanteka, sannan tangaran a cikin kabet mai gilashi. Yawancin waɗannan baƙi ne, fatake da kamfanoni suka kawo su. Ɗakin Bahaushiya bai taɓa ƙin baƙon kaya ba. Sai dai akwai bambanci biyu tsakanin kwanon jere da furen leda. Na farko, kwano dukiya ce: mace tana iya sayar da shi ranar matsi, ko ta ajiye wa 'yarta. Na biyu, tsarin jeren nata ne. Jajiberin Sallah takan sauke kayan duka, ta wanke, ta goge, ta sake jerawa yadda ta ga dama, har maƙwabta su gane hannun wance daga bakin ƙofa. Adon roba ba ya gadon kowa, kuma falon da aka yi masa shi a Kaduna bai da maraba da na Dubai ko Jakarta.

Abin da kowane yanayi ke nema

Mai zaune a gidan siminti da tayil ba zai yi daɓe ba, ba kuma wanda ya ce ya yi. Amma hikimar bin yanayi tana shiga kowane irin gini.

Idan Sallah ta zo da bazara, babban ado shi ne rage kaya. A naɗe kafet mai kauri, wanda ke riƙe zafi da ƙura, a shimfiɗa tabarmar kaba. A sauke labule mai nauyi, a rataya na auduga marar kauri. Yadi fari da aka kai marina, irin ta Ƙofar Mata da ake danganta kafuwarta da 1498, yakan fito da shuɗin baba mai sanyaya ido, kuma tela na unguwa zai dinke bakinsa cikin awa guda. Asabari a ƙofar baranda yana tare rana ya bar iska ta wuce. A kusurwa a girka randa ko tulu bisa jiƙaƙƙen yashi, a rufe da faifai mai launi. Tulu ado ne mai aiki: ruwan da ke tsattsafowa ta jikin yumɓu yana bushewa, bushewar tana janye zafi daga na ciki. Wannan dabarar ce malamin nan Mohammed Bah Abba ya faɗaɗa a Jigawa, ya sa tukunya cikin tukunya da yashi a tsakani don adana kayan lambu, har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000. Baƙon da ya dawo daga idi cikin rana, a miƙa masa ruwan randa a moɗa, ya samu abin da fitila mai ƙyaftawa ba za ta ba shi ba, balle a ranar da babu wuta.

Da damina, laima ce abin lura. Kayan kaba da na fata sukan yi funfuna idan aka bar su a ƙasa, don haka lokacin rataye ne: faifai da mafici masu launi daban-daban a jera su a bango, manya a tsakiya, ƙanana a gefe. Lokacin shuka ne kuma. Na'a-na'a da ɗoɗɗoya a tsofaffin tukwanen ƙasa a bakin taga suna ba da kore da ƙamshi, ga amfanin shayi da miya. Sharaɗin kawai a huda gindin tukunyar, kada ruwa ya kwanta sauro ya samu wurin ƙyanƙyasa.

Kaka da hunturu su ne suka fi wadata da kayan ado, kuma wajensu Ƙaramar Sallah ta nufa yanzu. Zangarniyar dawa ko ta gero, guda biyar ko bakwai a dogon tulu, takan yi wata da watanni ba ta canja ba. Busasshen soɓorodo a ƙaramin akushi yana ba da ja mai zurfi. Sabuwar ƙwarya da ta bushe, idan aka huhhuda ta da tsinin ƙusa bisa zanen da aka fitar da fensir, aka kifa ta kan ƙaramar fitila mai caji, takan watsa ɗigon haske a bango. Gwado ko luru na saƙar hannu a yafa bisa kujera, ya zama ado da rana, mayafi da dare. Tim-tim na jar fata, aikin dukawa, yana ƙara wurin zama ga baƙi. Ƙyallayen atamfa da shadda da ke taruwa a shagon tela a makonnin ɗinkin Sallah, waɗanda galibi ƙonawa ake yi, sun isa a haɗa rigunan matashi, a cusa musu audugar rimi.

Sai ƙamshi, wanda gidajen arewa ba su taɓa sakin sa ba. Turaren wuta irin haɗin matan Barno yana yi wa ɗaki abin da fenti ba zai yi ba. Amma a nan akwai gargaɗin da ya fi kowane ado muhimmanci. Garwashi a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar guba marar launi marar wari, wadda ke kashe mai barci ba tare da ya farka ba. A turara ɗaki taga a buɗe, a fitar da kasko kafin a kwanta. Zangarniya da kaba da ƙwarya kuma makamashi ne, ga iskar hunturu a bushe, don haka kada a kusantar da su ga kyandir ko garwashi ko ƙwan lantarki mai zafi.

Ƙorafin da ke da hujja

Akwai masu cewa wannan duk zancen marmarin jiya ne, kuma a cikin maganarsu akwai gaskiya. Tsohon adon ya tsaya ne a kan wuyan mata. Likita ko malamar jami'a da ta taso aiki da yamma, ga girkin buɗa-baki, ga ɗinkin yara, ba adalci ba ne a ɗora mata huda ƙwarya a ce al'ada ce. Sai dai amsar tana cikin al'adar kanta: daɓe gayya ne, ba aikin mutum ɗaya ba. Maigida da ke iya zama awa biyu kallon ƙwallo zai iya jera faifai a bango. Yara, waɗanda galibi suna hutu a lokacin, su suka fi kowa jin daɗin aikin ƙwarya da ƙyalle, kuma abin da yaro ya yi da hannunsa shi yake ja baƙo ya nuna masa. Wanda bai da lokaci ko kaɗan, ya saya daga hannun wanda ya yi. Kasuwar Kurmi, wadda ke ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, har gobe tana da masu faifai da tabarma da kayan fata, haka kusan kowace kasuwar ƙauye.

Ƙorafi na biyu ba a cika furta shi ba, amma shi ya fi ƙarfi: tsoron kada a ce ƙauyanci. Mutumin da ya fito daga ɗakin daɓe ya yi karatu har ya mallaki falo yana so falon ya shaida nisan tafiyarsa. Wannan abin fahimta ne. Abin mamakin shi ne, manyan otal-otal da gidajen jakadu a Abuja sukan rataya faifai da ƙwarya da shuɗin zane a bango, a yaba musu da sanin ado. Kayan da ake kunyarsu a gidan jikan masaƙi su ake tinƙaho da su a gidan baƙo.

Akwai kuma lissafin aljihu. Tun da aka janye tallafin man fetur a Mayun 2023, aka kuma saki naira a watan da ya biyo baya, duk abin da ke shigowa ta teku ya yi tsada. Kuɗin da aka kashe kan adon mako biyu ya tafi ke nan, kaso mafi tsoka ya bar ƙasar. Wanda aka ba mai saƙar tabarma ko marini ko maginiyar tukwane yana zagayawa a gari, kayan kuma su yi shekaru. Sana'o'in nan ba jawabin ranar al'adu ke raya su ba, ciniki ne. Marinar da ba a kai mata yadi rufewa take yi, ɗan marinin ya koma acaɓa.

Ba a ce a zubar da fitilun da aka riga aka saya ba. Igiya ɗaya a bakin ƙofa tana faranta wa yara rai, kuma farin cikin yara na cikin manufar Sallah. Abin da ake nema shi ne a sauya tambayar da ake farawa da ita. Maimakon duba abin da ya shigo kasuwa bana, a duba kalanda a ga wane wata Sallar za ta faɗo, sannan a yi tunanin baƙon da zai yi sallama bayan saukowa daga idi: da gumi zai shigo, ko da jiƙaƙƙen takalmi, ko da fasasshen leɓe da ƙura a gira. Abin da zai fara bukata idan ya zauna, daga nan adon gidan ya kamata ya fara.