Fuska ta ɗoru, ido kuma yana bugawa

Duk wanda ya taɓa jinyar ɗan acaɓan da ya faɗi ta fuska ya san ranar murna. An ɗaure muƙamuƙi da waya, kumburi ya saɓe, an sallamo shi gida yana kurɓar kunu. 'Yan dubiya su ce an auna arziki. Ni kuwa daga ranar hankalina yake fara tashi.

Ƙasusuwan fuska a manne suke da gindin ƙoƙon kai, kuma ta nan manyan jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa suke ratsawa. Tun 1901 wani likita Bafaranshe, Rene Le Fort, ya kasa karayar tsakiyar fuska gida uku. Ta biyu da ta uku, masu haurawa ta kwarmin ido, su likitoci suka fi zargi da taɓa waɗannan jijiyoyi.

A bayan ido akwai wani ɗan kogo da jini mai komawa zuciya yake taruwa, babbar jijiya kuma ta tsakiyarsa ta bi. In ta yage, jininta mai ƙarfi sai ya kwararo cikin kogon, ya juya ya nufi ido. Ido ya yi jajur, ya turo waje, yana bugawa tare da zuciya. Mutum ya riƙa ganin abu ɗaya biyu, yana jin ƙara cikin kansa kamar zugazugin maƙera, musamman in dare ya yi tsit. Wannan kan bayyana bayan kwanaki, wani lokaci makonni, an ma manta da hatsarin. Sai a ce afolo ne, a aika yaro kemis ya sayo maganin ɗigawa. Ƙarar kuwa a jingina ta ga iskoki. Ana haka gani yake tafiya.

Wani kuma bangon jijiyar ne yake tsagewa ta ciki, jini ya daskare, bayan kwana ɗaya ko biyu ɓarin jiki ya shanye. Wani kuwa haɓo ne zai ɓalle masa kamar an kunce famfo.

Abin da ke ci mini rai, ana iya ganowa, ana iya gyarawa. Hoton kai da ake ɗauka bayan an zuba ruwan allura a jini yana nuna yagewar. Ta jijiyar cinya ake zura siririn bututu a toshe ramin, ba tare da an buɗe kai ba, hanyar da likita Serbinenko ya share a Mosko tun shekarun 1970. Akwai tsada, kuma ba kowane asibiti ba. Amma gargaɗi kyauta ne. Ina roƙon likitocinmu, kafin sallama a zaunar da mai jinya, a faɗa masa waɗannan alamu da Hausa, ɗaya bayan ɗaya.

Kai kuma mai jinya, in ka ga ɗaya daga ciki, koma asibitin koyarwa mafi kusa a ranar. Kafin likita ya tambaya, ka ce masa: "Ya karye a fuska wata guda da ya wuce."