Tumbin Maigida Da Ƙugun Uwargida



Kwanan baya na raka yayata Asibitin Rasheed Shekoni da ke nan Dutse, mijinta ba lafiya, ƙishirwa da yawan fitsari sun hana shi barci. Awon farko aka ce ciwon suga ne. Yaya ta riƙe haɓa ta ce, "Ikon Allah! Ni da na fi shi ƙiba?"

To Yaya, ba yawan ƙibar kaɗai ake dubawa ba, har da inda ta zauna. Kitsen namiji a tumbi yake taruwa, can ciki ya nannaɗe hanji da hanta. Wannan kitse ba kwanciya kawai yake yi ba, wasu sinadarai yake fitarwa masu jawo kumburin ɓoye wanda ido ba ya gani. Shi ke sa jiki ya yi kunnen uwar shegu da insulin, wato sinadarin da ke shigar da suga daga jini zuwa tsoka, sai suga ya yi ta taruwa a jini. Shi ya sa ciwon kan kama maza da wuri, tun ba su kai mu jiki ba. Mu kuwa muna ta murna wai Alhaji ya ajiye tumbin naira!

Ita mace kitsenta a ƙugu da cinya yake sauka, sinadarin mata kuma yana ba ta kariya. Sai dai kariyar aro ce. Da al'ada ta ɗauke, kitsen sai ya fara komawa ciki. In kuma ciwon ya kama mace, haɗarin ciwon zuciya da yake ƙara mata ya fi wanda yake ƙara wa namiji.

Wadda suganta ya taɓa hawa da juna biyu, ko ta haifi jaririn da ya haura kilo 4, kada ta tsaya jiran tsufa. Haka mai baƙi-baƙi a bayan wuya wanda soso ba ya fitarwa, ba dauɗa ba ce, a je a auna. Masu shan "sha ka fashe" don a yi ɓulɓul kuwa, wallahi wasu ƙwayoyin nan tayar da suga suke yi.

Ki ari tef ɗin tela ki auna daidai cibiya. Ke in kin kai santimita 80, shi 94, ku tafi awon jini tare da safe kafin karin kumallo. Yaya dai da muka auna ta shiru ta yi, ta ce a saka sunanta ita ma.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.